Malam Nababa da Fulat na Huɗu

In kun taɓa shiga Sakatariya a shekarun nan da kuɗi ke yawo a Abuja kamar fara, kuka ga wani dogon mutum yana hawa bene yana nishi kamar ya ɗauko buhun siminti, alhali ko jarida babu a hannunsa, to Malam Nababa kuka gani. Mutum ne da aka haifa a gajiye. Masu sa ido sun ce ranar sunansa ma hamma ya yi wa liman. Aikinsa a ma'aikata shi ne ya karɓi fayil ta hagu, ya miƙa ta dama, ya ce, "To, Allah ya kyauta." A haka furfura ta same shi.

Lokacin ne farar hula suka dawo, wayar salula ta shigo, kowa a garin nan ya haukace da fili. Masinja yana da fili, direba yana da fili, mai shayi ma in ka ɗaga ledar burodinsa takardar fili ce a ƙasa. Ka yi atishawa a kasuwar Gudu, ejan biyar, wato dillalan fili, za su ce maka yarhamukallahu, akwai filin kwana a Lugbe. Nababa kaɗai ya rage, shi da matarsa Saudatu, suna haya a Gudu a wani gida da in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu.

Wadda ta ja shi cikin harkar ita ce Madam Magdalena, abokiyar aikinsa, 'yar kudancin Kaduna, wadda teburinta ke kallon nasa. Mace ce mai murya kamar lasifikar tasha, kuma ta riga shi gina gidan haya a Karu.

"Oga Nababa," ta ce masa wata rana, "kai kana jira sai an yi maka ritaya ka koma ƙauye ka zauna da akuya? Ka sayi fili. Amma kar ka saya da rani fa. Fili da rani kamar budurwa ne ranar salla, kowane yana da kyau. Ka je da damina, bayan ruwa ya sauka, ka ga inda ruwa yana kwana."

Ya bi maganarta. Ya je Ushafa cikin ruwa tsamo-tsamo, da wando a naɗe, ya zaɓi tudu a gindin duwatsu, can bayan masu ginin tukwane. Ya bi takardun filin ofis-ofis har takalminsa ya san hanya shi kaɗai. Ya fara da katanga kafin komai, ya sa aka rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe cewa wurin nan ba na sayarwa ba ne, don a Abuja kana barci wani zai sayar da filinka ga mutum uku, ya kuma gayyace ka bikin aza harsashi. Ranar da ake kwaɓa siminti kuwa, a kan magini yake tsayawa kamar mala'ikan kafaɗa. Shekaru aka yi ana abu ɗaya: albashi ya shigo, bulo ya ƙaru. Saudatu tana sarin zannuwan gado tana kaiwa ofisoshi, ribar tana tafiya a rodi da kwano. Nama a gidan nan sai da ya zama baƙo.

Ya kuwa ci riba. Da aka zo zamanin rusau, ana shafa wa gidajen mutane jan fenti, katafila tana cinye unguwa guda kafin azahar, gidan Nababa ko kallonsa ba a yi ba. Sai ya zama malamin fili a ma'aikata. Matasa su zagaye shi, shi kuma yana lumshe ido yana ba da fatawa: a raba wa kowane ɗan haya mitarsa, in ba haka ba a kan dutsen guga za a kashe juna, a haƙa rijiyar burtsatse tun kafin rufi, kar a saka famfo mai tsada, ɗan haya da ƙarfin dambe yake murɗa shi. Duk gaskiya ne. Abu ɗaya ne bai sani ba, shi ne kuma ya ci shi.

Gidan fulat huɗu ne, uku a gaba, ɗaya a baya. Kango a Abuja ba a barinsa shi kaɗai, in ba haka ba za ka tarar da ƙofarka a kasuwa tana gaishe ka. Sai Nababa ya aika garinsu, Tudun Ƙanya, aka turo masa wani tsoho, Baba Datti, ya riƙa kwana a ciki. Baba Datti ya ce ba ya iya girki, ya kawo matarsa Batulu. Batulu ta ce ba ta iya zama shiru, ta kawo akuya. Akuya ta duba ta ga Abuja ta karɓe ta, ta haifi biyu. Fulat na ɗaya ya tafi ke nan.

Da aka gama ukun gaba, Nababa ya ce sai ya yi saukar Alƙur'ani da walima.

"Oga, ka kira liman biyu, ku yi addu'a, ku ci biskit, ku tashi," in ji Magdalena.

"Haba Madam, ai abin alheri ba a ɓoye wa 'yan uwa."

"To. Na faɗa maka dai."

Bas guda ya yi shata daga Tudun Ƙanya. Ya sha sabuwar shadda, ya riƙa zagayawa da mutanen garinsu ɗaki-ɗaki, yana kunna fanka yana kashewa, yana danna ruwan bayi don su ji ƙara. Wani dattijo ya tambaye shi, "Nan za ka tare ke nan?" Nababa, da kai ya kumbura har hula ta matse shi, ya yarfa hannu ya ce, "A'a, wannan ai na haya ne." Shi ke nan. Kafin bas ɗin ta kai Kaduna yana da gidaje bakwai. Kafin Zariya yana da otal. Da suka isa gida an tabbatar cewa rabin Maitama nasa ne, ɗaya rabin ma ana ciniki.

Bahaushe kuwa ba ya ganin ɗakin ɗan'uwa a rufe ya kwana a tasha. Fulat na biyu ya zama masaukin masu bin fayil: mai neman aiki, mai bin fansho, mai jiran kwangila, mai jiran wanda ke jiran kwangila. Kowa kwana biyu ya zo yi. Akwai wanda ya zo da gashin baki bai fito ba, ya tafi da gemu. Baƙo kuma ba a tambayarsa yaushe zai koma, sai dai a tambaye shi ya ya kwana.

Fulat na uku kuwa Ɗangoggo ne ya shige. Ɗan ƙanwar mahaifin Nababa ne, wato taubashinsa, abokin wasa tun suna yawo ba wando. Ya zo intabiyu ne, an ce ya saurari kira, shi ne yake saurare har yau. Ya yi ƙiba, ya yi haske, ya sayi kujerar roba ya kafa a bakin get yana ba masu wucewa labarin cewa shi ne manajan gidan.

Haya? Ko sisi. Kuɗin wuta ma Nababa ke biya, don mitocin nan da yake wa'azi a kansu, kunya ta hana shi ce wa kowa ya sa wa tasa kuɗi. Famfo ya lalace a Ushafa, waya ta yi ƙara a Gudu. Ejan-ejan suna ta kawo masa masu neman haya, ma'aikatan banki da malaman asibiti masu biyan shekara biyu a dunƙule, yana cewa gidan a cike yake. Da gaskiyarsa. A cike yake dam.

Saura na huɗu, na baya, wanda ranar walima ko taga babu a jikinsa, shi ya sa ya tsira. Wannan Nababa ya yi wa Saudatu alkawari. Ita ta zaɓi tayil, ita ta ce a buɗe tagar ɗakin kwana ta gabas don ta riƙa ganin duwatsu da safe. Ta je wajen matan da ke ginin tukwane ta sayi wata randa mai faɗin ciki, ta kafa ta a lungun falo tun fenti bai bushe ba, ta ce ta gaji da firjin da ba ya ganin wuta, ruwan randa za ta sha har ta mutu. Ba kuma son jiki ba ne ya sa suke ɗokin wurin. Ritayar Nababa ta zo bakin ƙofa, mai gidansu na Gudu kuma ya ce su tashi, zai rushe ya gina shaguna. In fulat na huɗu ya tafi, mai rabin Maitama ba shi da inda zai shimfiɗa tabarma a duk faɗin Abuja.

Ana cikin haka labari ya zo cewa Ɗangoggo zai ɗauko iyalinsa daga gida, kuma ya ce na baya ya fi iska.

Nababa ya tashi ranar Asabar da hantsi, ya sha shayi mai kauri, ya ce yau za a yi ta ta ƙare. Tun a hanya yake bitar abin da zai faɗa a mota. Ya tarar da Ɗangoggo a kujerarsa yana yankan farce.

"Lale da ubangidana! Ranka ya daɗe, mai Abuja da kewaye! Ka rame fa. Kuɗi ne suke cin ka?"

"Ɗangoggo, magana na zo mu yi, ba wasa ba."

"Yau kuma? Ɗan namiji ya zo da magana. Baba Datti, kawo tabarma, sarki zai yi shela."

"Fulat ɗin baya..."

"Af, ka ji labari ke nan. Wallahi ka iya gini. Tagar nan ta gabas, kai! Uwar yara za ta yi ta sa maka albarka. Sai dai randar nan ta tare hanya, zan matsar da ita waje."

"Ba za ka shiga ba. Ina da abin da zan yi da shi."

"Haya za ka sa? Kai dai ba ka ƙoshi, kamar rijiya. To tsaya in tambaye ka. Tun muna yara wa yake cewa ni bawansa ne, ɗan mace bawan ɗan namiji? Kai ne ko ba kai ba?"

"Wannan ai wasa ne."

"To bawa a gidan wa zai kwana? A gidan maƙwabta? Ka so a yi da kai a gari? Kuma Goggo da kanta ta ce, in dai Babana ne, ba zai bar jikokina a rana ba."

Goggo, uwar Ɗangoggo, ita ce ta goya Nababa bayan rasuwar mahaifiyarsa. Sunan mahaifinta ya ci, shi ya sa ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Babana. A ce mata a'a? Gara a ce masa ya haɗiye shebur. Ya buɗe baki ya ce shi kansa ba shi da wurin zama, maganar ta zo maƙogwaro ta ga Baba Datti da masu bin fayil sun kewaye suna murmushi, ta koma ciki. Ƙarshenta dai da yamma aka gan shi a tsugune yana gyara wa Ɗangoggo famfon wanka.

Da ya koma gida Saudatu tana ɗaure kwanuka a kwali. Ba ta ɗago ba.

"Baban Zuhra, ka faɗa masa?"

"Mun dai fara tattaunawa."

"Na ga alama. Ga tsatsar famfo nan a hannun rigarka." Ta ja igiya ta ƙulle. "Ni dai ba zan ce komai a kan danginka ba, ba a haife ni a haka ba. Amma zannuwan gadon da na ɗauka a kaina, da za a shimfiɗa su, da sun kai Abaji. In motar kaya ta zo, ka san inda za ka ce wa direba ya nufa."

Ranar Litinin, a rumfar mai abinci bayan ma'aikata, Magdalena ta same shi yana juya cokali a shinkafa kamar mai neman ɗan kunne. Ya ba ta labari. Ya zaci za ta ce ai na faɗa maka. Sai ta ajiye nata cokalin ta yi wata ajiyar zuciya da ta ɗaga labulen rumfar.

"Oga, kana gani kamar ni na tsira? Gidana na Karu, ka san wa yana ciki? Ɗan yayana, da matar kawuna, da wani da ya ce mun yi kwaya tare, wato ƙungiyar mawaƙa a coci, tun ina yarinya, ni ban tuna shi ba. Ina shiga da faɗa, su ce Anti ta zo, su kawo mini pate. Ina fita ina ba su kuɗin mota."

"Ke da kike koya mana?"

"Koyarwa daban, dangi daban." Sai ta buga tebur har miya ta yi tsalle. "Oga! Mutanenka sun san ni?"

"Sun dai gan ki a walima."

"Ni ina jin kunyan su? Ko kaɗan. Kai kana jin kunyan nawa?"

"Ina na san su?"

"To mu yi canji. Kai ka riƙe nawa, ni in riƙe naka. Ba ƙarya a ciki. Ka ba ni amana, in ba ka amana. Duk wanda ya kira ka, ka ce magana yana hannun Madam."

Jama'a, ashe akwai zaki a cikin Nababa, dangi ne suka ɗaure shi. Ya je Karu cikin babbar riga da baƙin tabarau, ya tsaya a tsakar gida ya ce daga wata mai kamawa kowa zai biya, wanda ba zai iya ba ga lokaci nan ya nemi wuri. Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Aka kawo masa pate ya ce ya ƙoshi. Ɗan kwayar nan ya tattara ya bar gidan a satin, yana cewa bai taɓa ganin Alhaji marar imani irin wannan ba. Nababa ya dawo gida yana tafiya kamar soja, har Saudatu ta tambaye shi ko lafiya.

Magdalena kuwa ta dira a Ushafa da kwaɗo mai girman kan jariri. Ta wuce kowa, ta datse fulat na huɗu, ta jefa makulli a jaka. Ɗangoggo ya taso da fara'arsa.

"Sannu da zuwa, Madam! Ai ni da mai gidan nan, bawa ne da ubangi..."

"Ban san wannan ba. Sunanka?"

"Wasa ne tsakaninmu, na taubasai."

"Ni ba taubashinka ba ne. Kakana bai san kakanka ba. Ga mita can, kowa ya sa wa nasa kuɗi. Injin ruwa, ku haɗa ku sayi mai. Ranar Asabar kowa ya fito da tsintsiya."

Ɗangoggo ya jefa mata barkwanci uku masu kyau, waɗanda da Nababa ne da tuni ya zube. Suka faɗi ƙasa kamar ɗanyen ƙwai. Ba ta kori kowa ba fa. Wuta ce ta ɗauke, ruwa ya tsaya, tsintsiya ta fito. Kafin wata ya ƙare masu bin fayil duk sun tuna suna da gonaki a gida. Fulat na biyu ya zama wayam, aka yi masa fenti, wata malamar asibiti ta kama. Ranar da Nababa ya ga hayar farko a rayuwarsa, sai da ya zauna.

Amma Ɗangoggo bai mutu ba. Ya ga wasa ba ya cin Madam, sai ya tafi ya ɗauko babbar bindiga.

Ranar tashi, motar kaya ta iso Ushafa da rana tsaka, katifu a sama, Saudatu a gaba kusa da direba ta rungume madubinta. Magdalena tana bakin get da makulli. Nababa ya sauko ke nan ya hangi tabarma a inuwar katanga, a kanta wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da carbi, gefenta matar Ɗangoggo da yara da ƙullin kaya. Ɗangoggo yana tsaye a baya, baki har kunne.

Nababa ya cire takalmi ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka mutu.

"Babana," in ji Goggo, "wannan ya zo ya ce mini wata mata ta ƙwace maka gida, ta hana jininka shiga." Ba ta faɗin sunan Ɗangoggo, ɗan fari ne. "Na ce to bari in zo in ga matar."

"Ga ni, Mama," in ji Magdalena. "Ban ƙwace ba. Amana ne."

Goggo ta dube ta sama da ƙasa, ta mayar da ido kan Nababa. "Kai ka ba ta?"

"Ni ne, Goggo."

"To me ya yi zafi? Mai gidaje kamar kai, ɗaki ɗaya ne zai gagare ka? Ka bar musu wannan, kai ka koma ɗaya daga cikin na Maitama."

Har akuyar Batulu sai da ta daina tauna. Magdalena ta buɗe baki, ta tuna wannan ba hurumin kwaɗo ba ne, ta rufe. Nababa ya waiga ya ga Saudatu ta cikin gilashin mota. Ba harararsa take ba, ba kuka take ba, tagar gabas kawai take kallo. Gajiyar duniya ta taru ta sauko masa a kafaɗa, har ta fi kunya nauyi.

"Goggo, ba ni da gida a Maitama. Ko maigadi ban sani ba a can. Ba ni da otal. Wannan ɗin da kike gani shi ke nan, shi ma rabinsa gumin Maman Zuhra ne. Haya nake yi tun da na zo garin nan, kuma an tashe mu. Aiki ya ƙare. Kayanmu ne a motar can, duka. In ban shiga ɗakin nan yau ba, ban san inda zan ce wa direba ya nufa ba."

Ya faɗa a gaban Baba Datti, da Batulu, da direba, da malamar asibiti da ta leƙo ta taga. Da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Goggo ta ajiye carbinta. Sannan ta juya, ba ta kalli ɗanta ba, gefensa ta kalla.

"Kai. Ka san da wannan?"

"Goggo, ai wasa..."

"Wasa. Ka ɗauko ni tun daga gida, ƙafata na ciwo, in zo in kori mai sunan ubana ya kwana a titi, don kai ka sha iska? Ni na taɓa ce maka ka nemi ɗaki a wurinsa? Yaushe muka yi haka da kai?" Ta miƙa hannu. "Yarinya, ba ni makullin."

Magdalena, da rabon a kira ta yarinya tun mulkin soja, ta miƙa da hannu biyu. Goggo ta tashi da ƙyar, ta je har jikin mota ta ba Saudatu.

"Sauko, 'yata, ki shiga ɗakinki. Wannan kuma shi zai sauke kayan, tunda ya ce bawa ne."

Ranar an ga abin kallo a Ushafa. Ɗangoggo da katifa a ka, Ɗangoggo da buhun kwanuka, yana haɗa gumi yana cewa, "A hankali da ni, ubangidana, bawan naka ya tsufa." Ba wanda ya yi dariya sai Batulu.

To, kar ku ce labari ya ƙare da daɗi, ku ba ku san Nababa ba. Goggo ta shiga sa albarka, ta sha ruwan randa, ta ce rabonta da ruwa mai daɗi haka tun tana amarya. Ta leƙa ƙaramin ɗaki ta ce tunda ga malamar asibiti a gida, bari ta kwana biyu a duba mata ƙafa. Tana nan har yanzu, ƙafar ma ta warke ta manta wacce ce. Ɗangoggo ya cusa iyalinsa a fulat na uku, yana sa wa mitarsa kuɗi saboda tsoron uwarsa, haya kuwa ya ce sai an kira shi aiki. Baba Datti yana nan, awaki sun zama garke. A cikin fulat huɗu, ɗaya ne ke kawo wani abu. Can Tudun Ƙanya kuma an daina cewa rabin Maitama na Nababa ne, yanzu cewa ake ya karye, wasu ma sun ce a asibiti yake. Ko bas ɗaya ba ta sake zuwa ba, wannan kam ya ce alhamdulillahi.

Canjin ma ya fara tsami. Mutanen Karu sun koma kiransa Baba, sun sa wa wani jariri sunansa, an kuma gan shi da kwanon pate a cinya. Magdalena kuwa Batulu ta gano tana son dambu, rannan har an ji ta tana cewa a bar Baba Datti da kuɗin mai, tsoho ne.

Amma da safe Saudatu tana buɗe tagar gabas ta ga duwatsunta. Nababa yana zama a bakin get a kujerar robar da ya gada, yana hamma. In wani matashi ya tsaya neman shawarar gidan haya, yakan faɗa masa na damina, da na katanga, da na mita. In ya ga yaron yana da hankali sai ya jawo shi kusa, ya waiga ko Goggo na ji, ya ce, "Ranar da ka gama, liman biyu da biskit. Kuma in an tambaye ka ko kana da wani gidan, ka ce ba ka da shi tun da wuri." Sai waya ta yi ƙara, famfo ya fashe a Karu. Ya miƙe yana nishi, ya ce, "To, Allah ya kyauta."